Tsamiyar Gwaggo Dije a Kan Takarda

Ku da kuke zane da kwamfuta, ina lura da irin kallon da kuke yi wa teburina. Ran nan ɗaya daga cikinku ya ɗauki doguwar rulata mai kai, ya jujjuya ta, ya tambaye ni ko ta dukan ɓera ce. Ban ji haushi ba. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina zana wa mutane gidaje a birnin Zariya, kuma na san abin da kuke cewa in na fita alwala: wai sana'ar nan layi ce da lamba, duk wanda ya iya danna maɓalli ya gama da ita. To tunda an ɗauke wuta, batirinku kuma ya mutu, ku jawo benci in gaya muku inda wuyar take.

Aikinmu a baki ba shi da yawa. Mutum zai zo da filinsa da burinsa, mu auna filin, mu zana masa gidan a takarda, ya kai ofishin masu ba da izinin gini. Su duba ko ya bar wa hanya haƙƙinta, ko ɗakunan za su sha iska, ko ruwan gidansa kwata zai bi ba zauren maƙwabci ba. In sun gamsu su buga hatimi, sai ya kira magini. Wanda ya tsallake wannan, musamman mai son bene ko shago a bakin titi, ranar da gininsa ya kai linta zai wayi gari ya tarar da jan fentin ofis a bango, alamar a tsayar da gini. Daga nan sai ya zo wurinmu yana gumi, yana so a zana masa abin da ya riga ya gina.

A hannun Malam Mudi na koya, a wani ɗan shago kusa da Ƙofar Galadima. Allah ya jiƙansa, siririn mutum ne mai tabarau ɗaure da zare, ba ya sauri a komai sai in an kira sallah. Shekarata ta farko ban ja layi ko ɗaya ba. Feƙe fensir nake, da wanke alƙaluman tawada, da riƙe bakin tef a rana. Da ya yarda na hau tebur, sai ya ba ni takarda mai shara-shara ya ce in cika ta da haruffa, tsawonsu ɗaya, wata uku ina abu guda. A lokacin in ka yi kuskure da tawada, reza za ka ɗauka ka kankare a hankali, ko numfashin kirki ba ka yi. In ka huda takardar, aikin kwana uku ya tafi, sai ka ɗauko sabuwa. Kwafi kuwa a rana muke bugawa, cikin firam mai gilashi, sannan a naɗe a tura a wani bututu mai ruwan amoniya. Warin nan har yau in na tuna shi sai idona ya kawo ruwa.

Amma tebur shi ne mai sauƙin, fili ne ke gwada mutum. A sabuwar unguwa za a ba ka fuloti mai kusurwa huɗu, ka zana kana hamma. A cikin ganuwa babu irin wannan. Gida ɗaya na kakanni an raba shi gado sau uku sau huɗu, kowane rabo da irin tasa karkatar, wani katangarsa ma sai ta shiga ɗakin ɗan'uwa sannan ta fito. Masu gidan kuma kowa da halinsa. Wani zai zana maka gidan da sanda a ƙasa ya ce ka kwashe shi haka nan. Wani zai ce zaure ya karya yadda mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba, masai kada ya fuskanci alƙibla kada kuma ya ba ta baya, rijiya ta yi nesa da shi, duk a filin da in ka shimfiɗa tabarma goma ya cika. Sai ka gama tsaf, ya dawo washegari ya ce uwargida ta duba, ta ce hayaƙin ɗakin girki tagarta zai bi. Kusan kullum ita ce ke da gaskiya.

Akwai wata ɗabi'a ta Malam Mudi da ta sha ba ni haushi. In muka je awo, ba ya buɗe tef. Sai ya nufi bishiyar da ke wurin, ko rimi ne, ko durumi, ko ɗan dabino, ya zauna a gindi ya ce a ba shi ruwa. Kafin ya shanye, tsofaffin unguwa sun taru, hira ta ɓarke: wa ya dasa, wa ke tsinka, wa ya taɓa sare reshe aka yi rigima. Ni kuwa ina tsaye da tef da turaku a hannu, cikina na ƙugi. In mun koma shago ya zana kowace bishiya da 'yar da'ira, ya rubuta suna a gefenta da fensir, ƙanana ƙanana. Na taɓa tambayarsa amfanin wannan, tunda ofis ba su nema. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce a cikin birnin nan, mai ƙasa ba lallai ne shi ke da bishiyar da ke kanta ba. Na ce to. A raina kuwa na ce tsoho dai hira yake so da ruwan randa, shi ne ya samo musu dalili.

Shekara shida na yi, ya yaye ni, ya ba ni rular nan da kuke wa dariya. Na kama shagona, na rubuta sunana a allo da fenti: Isa Mai Zane. Babban aikin farko da ya shigo mini na Alhaji Tanimu ne, wani mai sayar da yadi daga Ƙofar Kuyambana. Mahaifinsa ya rasu, an raba gida, ɓangaren bakin hanya ya faɗo masa. Yana so ya rushe ginin ƙasar ya tada bene, shago uku a ƙasa, iyali a sama da baya. Mutum ne mai fara'a, mai saurin baki, mai son komai yanzu-yanzu. Ya ce so yake ya rufa kwano kafin ruwan farko. Ni ma a lokacin ina ji da kaina, ina so birni ya san an sami sabon hannu mai sauri.

Ranar awo ban yi minti arba'in a wurin ba. A kusurwar arewa, jikin lungu, akwai wata tsamiya da mutum biyu ba za su rungume ta ba, inuwarta ta rufe kusan sulusin filin. Daidai inda shago na uku da matakalar bene za su zauna. Na nuna ta da fensir na ce wa Alhaji wannan fa? Ya ce ai cikin filinsa take, ga turakun da aka kafa ranar rabo. Na duba, gaskiya ne, tana ciki da taku uku. Akwai tsofaffi biyu zaune a dakalin masallaci suna kallonmu. Na ɗaga musu hannu daga nesa, na naɗe tef, na hau kekena.

A takarda na zana mata da'ira, na ja layi biyu a gicciye a kanta, alamar za a cire. Zane ya yi kyau, ba yabon kai ba. Ban jin na sake yin haruffa masu tsabtar na wannan aikin. Ofis suka duba ba su sami abin cewa ba, don duk abin da suke nema yana nan. Sati uku hatimi ya fito. Alhaji ya sayi siminti ya jibge, aka fara buga bulo, aka rushe tsohon gini, iyalinsa suka koma gidan haya. Ya riƙa nuna ni ga abokansa a kasuwa yana cewa ga yaron da ba ya ɓata lokaci.

Ranar da za a sare tsamiyar na je da igiya da turaku don in fitar wa magina layin tushe. Masu sara uku sun zo da gatura, sun tsaya suna ta addu'o'i suna tofawa, don kun san yadda mutanenmu suke da tsamiya, ba mai son ya zama shi ya fara kai mata sara. Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa ta ɓullo ta lungu, gajera, tabarma a hammata, buta a hannu. Ba ta kula kowa ba. Ta ratsa tsakanin masu gatari, ta shimfiɗa tabarmarta a gindin bishiyar, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ciro goro. Sai na ga Alhaji Tanimu, mutumin da muryarsa ke riga shi isa wuri, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ashe gwaggonsa ce, ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Dije, wadda ke aure a Ƙofar Kibo tun kafin a haife ni.

Ya gaishe ta ta amsa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ko jariri ba ta bari ba. Sannan ta ce an gaya mata akwai mai takarda. Aka nuna ni.

"Zo nan, ɗan nan. Kai ne ka zana gidan ubana?"

Na ce ni ne, Gwaggo. Na durƙusa na warware mata zanen a kan tabarma, na danne gefe da duwatsu. Na shiga bayani da iyawata, nan shago, nan matakala, nan ɗakin baƙi. Ta bar ni har na gama.

"To nuna mini inda nake a ciki."

Ban gane ba. Na dubi Alhaji, shi ma ya dube ni. Ta ɗaga hannu ta dafa jikin tsamiyar. Sai na ɗora yatsa a kan 'yar da'irar nan. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, don idonta ya fara rauni.

"Wannan da aka soke, ni ce?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, alhali har lokacin ban san girman abin da na yi ba.

Tsofaffin nan biyu da na ɗaga wa hannu daga nesa su suka warware mana, bayan an kira mai unguwa. Lokacin da kakan Alhaji ya rasu aka zauna rabon gida, Gwaggo Dije tana amarya. Rabonta na ƙasa ɗan tsiri ne da ba zai yi ɗaki ba. Sai ta ce ta bar wa yayanta, mahaifin Alhaji, ya haɗa da nasa, ita a bar mata tsamiya. Kowa ya yarda, aka shafa fatiha, ba a rubuta komai ba don ba wanda ya ga dalilin rubutawa. Tun daga ranar, duk shekara in tsamiya ta nuna ita ke turo masu kaɗawa, ta cura ta adana, ta sayar da wani, in azumi ya zo ta rarraba wa dangi na kunu. Alhaji ya tashi yana ganin haka, ya ɗauka alheri ne mahaifinsa ke yi wa ƙanwarsa. Da aka zo rabo na biyu, masu rabo suka auna ƙasa, ba su ambaci bishiya ba, don a wurinsu abu ne da kowa ya sani. Kowa kuwa ya sani, ban da mai filin da mai zanensa.

Alhaji ya yi ta lallashi. Ya ce zai dasa mata goma a gonarsa, ya ce zai riƙa aiko mata da buhu guda duk shekara. Ta saurare shi tana tauna goronta. Wani daga cikin magina ya ce ko tsoron mutanen ɓoye take yi, ta ce ita da ta yi wasan 'yar tsana a gindin nan, in ma suna nan ai sun san ta. Sannan ta juya ga ɗan yayanta.

"Tanimu, ba tsamiya na rasa ba, kasuwa cike take da ita. Ubana ya tafi, uwata ta tafi, yanzu yayana ya bi su. Ɗakin da aka haife ni kun rushe shi, ban ce komai ba, naku ne. Wannan kaɗai ce ta sa in na zo gidan nan ba baƙuwa ba ce ni. In ka sare ta, sai dai in zo a yi mini sannu da zuwa, a kawo mini ruwa a kofin baƙi."

Masu gatari suka saɓa kayansu suka tafi, da alama ma daɗi suka ji. Ita ta goya Alhaji yana jariri, ba zai iya yi mata faɗa ba. Ni ya samu. Ya ja ni bayan tulin bulo ya ce shi yadi ya sani, in an kawo masa mai huji daga nesa zai gani, ni da aka ce na yi shekara shida a wurin Malam Mudi me na koyo? Na so in ce ai shi ya ce mini tasa ce, sai na tuna ba haka ya faɗa ba. Cewa ya yi tana cikin filinsa, ni kuma ban tambayi abin da ya wuce nan ba.

Da la'asar na tafi wurin Malam Mudi ina jan ƙafa. Labari ya riga ni isa. Ya bar ni na zauna, ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙo mini, ya ce in sha, an ce ban samu na sha ba a Ƙofar Kuyambana saboda sauri. Ya yi dariyarsa har tabarau ya zame. Da ya gama sai ya ce hatimin da ke hannuna bai yi ƙarya ba: ofis sun ba da izinin gina abin da na nuna musu, amma ba su da ikon ba Alhaji abin da ba nasa ba. Gyara kuma ba a wurin gini ake yin sa ba, don in magini ya kauce wa zanen da aka amince da shi, jan fenti ne. Sai sabon zane, sabon fayil, a sake bin layi. Na roƙe shi ya taya ni zanawa. Ya ce a'a, wanda ya soke shi zai kankare.

A wannan aikin na san sana'a. Tsamiya ba za ta matsa ba, katangar maƙwabci ma haka, gaba kuma ba zan iya turo ginin ba don akwai tazarar da ofis ke so a bari daga titi. Tushe ba zai kusanci gindinta ba, in ba haka ba ko a datse mata saiwa ta bushe a tsaye, ko ita ta tsaga bango bayan shekara goma. Ramin sokawe da na sa kusa da ita dole ya koma can kudu, don saiwa danshi take bi. Matakala ta rasa wurin zama. Sau bakwai na zana gidan nan, kowanne da tawada, kowanne kwana uku ko huɗu. Na farko Alhaji ya ture shi gefe, na biyu ya ce na mayar masa da ɗakin baƙi akurki. A na biyar ne ya haƙura da shago na uku, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. A na bakwai gidan ya fito kamar mutum ya lanƙwasa hannu ya rungumo bishiyar, matakala ta hau ta bayanta, aka bar mata ɗan fili nata. Na zana da'irarta babu layin gicciye a kai, na rubuta Dije a gefe da fensir, ƙanana, yadda Malam Mudi ke yi.

Na ɗauki zanen na tafi Ƙofar Kibo, abin da ya kamata in yi tun farko. Aka yi mini iso, na zauna a ƙofar ɗakinta, ta ba ni kunu na sha har ƙasa ban dubi agogo ba. Na nuna mata inda take, ta gyaɗa kai. Na roƙe ta rassa biyu da za su tokari bene. Ta ce na gabas ta ba ni, ɗayan kuwa shi ne mai manyan 'ya'ya, in san yadda zan yi da shi. Na rage tsawon baranda. Sannan ta tambaye ni ta ina za a riƙa shiga. Na ce ta zaure mana, kamar kowa. Ta ce masu kaɗa mata tsamiya maza ne, haka za su riƙa ratsa matan Tanimu da gora a kafaɗa? Da can ta lungu suke shiga, ta wata karyayyar katanga. Na koma tebur na ɗauki reza, na kankare ɗan guntun bango, na buɗa 'yar ƙofa daga lungu zuwa gindin bishiyar, faɗinta ƙafa biyu da rabi. Da na zo sa mata suna a zane na rasa me zan kira ta, sai na rubuta Ƙofar Gwaggo.

A ofis, jami'in da ke duba zane ya ɗora sabon a kan tsohon, ya daɗe yana kallo. Ya ce tun da ya fara aiki ƙarin shago mutane ke zuwa nema, bai taɓa ganin wanda ya dawo a rage masa ba. Ya tambayi wace ce Gwaggo, me ya sa take da ƙofa. Na ba shi labari tun daga tabarma. Ya juya fam ɗinsu gaba da baya ya ce babu gurbin mai bishiya a ciki, na mai fili ne kawai. Mutumin kirki ne. Ya ce in kawo takarda daga mai unguwa, Alhaji ya sa hannu, ita ta dangwala, zai maƙala a fayil. Ya zo da kansa ya auna tazara, ya tsaya a inuwar yana fifita da hula, ya ce ko shi ne ba zai sare ba. Amma fayil layi yake bi, namu kuma ya koma baya. Kafin hatimi na biyu ya fito, ruwa ya sauka.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Simintin da Alhaji ya jibge ya sha danshi, rabinsa ya zama dutse. Iyalinsa da suka shiga gidan haya da niyyar wata uku suka cinye damina a can har kaka. Labari ya zaga birni, kowa ya ji sai ya ƙara masa gishiri, har na ji wai bene na zana a kan kabari. Wata tara ba wanda ya kawo mini ko zanen banɗaki. Na koma rubuta allunan shaguna, haruffan nan da Malam Mudi ya wahalar da ni a kansu su suka ciyar da ni. In na hango Alhaji a kasuwa sai in canza hanya. Shi kuwa Allah ya yi shi mai baki amma ba mai riƙo ba. Da aka zo fitar da tushe shi ya aiko a kira ni, ya ce tunda ni na lanƙwasa gidan in zo in lanƙwasa igiyar, magina sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba.

Gida ya tashi. Abin da ba mu yi tunaninsa ba, ni da shi, shi ne inuwa. Ɗakunan da ke jikin tsamiya su suka fi sanyi a duk gidan, in bazara ta matsa har rigima ake kan wa zai kwana a ciki. Mutane suka fara zuwa kallo. Aikin da ya farfaɗo da ni na wani malami ne mai dabino biyu a tsakar gida, ɗaya nasa ɗaya na 'yar'uwarsa. Ya ce an gaya masa ni ne mai zanen da ke kewaye bishiya. Na je, na zauna a gindin dabinon, na ce a ba ni ruwa.

Gwaggo Dije ta yi shekara goma sha ɗaya tana shiga ta ƙofarta, makullin na ɗaure a gefen mayafinta. Matan gida sai dai su ji ƙarar kwaɗo su ce Gwaggo ta iso. Duk azumi curin tsamiya guda na zuwa shagona, da saƙon a gaida mai soke mutane. Da ta ji jiki ya yi nauyi, ta sa aka tara mai unguwa da liman da 'ya'yanta, ta ce ta ba Tanimu tsamiyar kyauta tun tana da rai, don kada ta bar wa 'yan baya rigima. Ta miƙa masa makullin ta ce yanzu ƙasa tasa bishiya tasa, sai ya je ya yi shagonsa. Bayan wata biyu ta rasu, kuma na ji mutuwarta kamar ta gwaggona. Na zuba ido in ga ranar da zai zo a zana masa shago na uku. Shekara ta wuce, biyar ta wuce, bai zo ba.

Bara ne ɗansa Nasiru ya zo, wanda ke riƙe da kasuwar yanzu. Gida ya cika da jikoki, yana so a ƙara ɗakuna biyu a sama ta baya, kuma dole a sake kai zane ofis. Kuna nan ranar. Ku kuka buɗo hoton unguwar daga sama a kwamfuta, kuka nuna mini wani koren dunƙule kuka ce in aka cire wannan ɗaki huɗu ma zai shiga. Na ɗauki tsohon fayil na hau bayan mashin ɗin Nasiru.

Na tarar da Alhaji a gindin tsamiyar a kan buzu, ya tsufa, amma baki na nan. Ya ce a kawo wa mai zane ruwa kafin ya roƙa. Muka sha, muka yi hirar waɗanda suka riga mu. Na warware tsohon zanen a cinyata, ya yi ja, gefensa duk ya cinye, ga da'irar nan, ga sunan da na rubuta da fensir shekara talatin da wani abu da suka wuce. Na ce masa sabon zane zan yi, kuma a ƙa'idata sai na rubuta mai bishiya. Tunda an ba shi ita a gaban shaidu, sunansa zan sa, ko na Nasiru?

Ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido, kamar yadda Gwaggo ta yi. Sannan ya miƙo mini.

"Malam Isa, bar sunan da ke wurin."

Shi na bari. Ku buɗe fayil na uku a durowar can, ku duba kusurwar arewa za ku gan shi. Ku ma kuka buga shi da kwamfutarku, ba wanda ya tambaye ni ko wace ce Dije. Gobe muna da awo a Ƙofar Galadima, gidan nan da na ji kuna cewa minti ashirin ya ishe shi. Akwai rimi a bayan gidan. Ku bar tef a jaka, ku fara neman wanda zai ba ku ruwa.